Ku Tambayi Magini: Ƙafa Nawa Ya Kamata Banɗaki Ya Kai?

Daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, huɗu sun haɗu a kan banɗaki, biyu daga Gombe, biyu daga Bauchi. Na haɗa su wuri guda domin amsar ɗaya tana taimaka wa ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina gina gida mai ɗaki uku da falo a fuloti mai ƙafa 50 da 100 a Tumfure. An haƙa harsashi, an ɗora bulo layi uku, amma ba a zuba daɓe ba tukuna. Magini ya yanka wa kowane ɗaki banɗaki mai ƙafa 4 da 4, da na yi magana ya ce ai ba kwana za a yi a ciki ba. Uwargida ta je ta gani ta ce ya yi kaɗan ƙwarai, ni kuma ina tsoron banɗaki ya cinye mini ɗakin kwana. Wane girma ne daidai, kuma yaya ake jera kayan ciki? Daga wani ma'aikaci, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, uwargida ta fi magininka gaskiya a wannan magana, kuma ka yi sa'a da ka yi tambaya kafin a zuba daɓe, domin a yanzu gyaran bai wuce sauke bulo kaɗan da ƙarin haƙa ba, alhali bayan an binne bututu an shimfiɗa tayil sai an yi fashe-fashe.

Abu na farko da zan so ka tambayi magini shi ne daga ina zuwa ina ya auna ƙafa huɗun nan. Magina da yawa suna ja igiyarsu daga tsakiyar bulo zuwa tsakiyar bulo, wasu ma daga baya zuwa baya, kuma idan bulon inci 6 aka yi amfani da shi, awon tsakiya zuwa tsakiya kaɗai ya riga ya cinye rabin ƙafa. Bayan haka filasta da tayil za su ci kusan inci guda a kowane bango. Saboda haka duk awon da zan ambata a nan na ciki da ciki ne, wato abin da ya rage bayan an gama shafe da tayil, kuma da wannan harshen ya kamata ka yi magana da ma'aikatanka.

Ba daga abin da ya saura a gefen ɗaki ake fitar da girman banɗaki ba, daga jikin mutum ake fitar da shi. Masai na zama yana fitowa daga bango kimanin santimita 70, wato ƙafa 2 da inci 4. Wanda zai zauna a kai yana bukatar aƙalla santimita 60 a gabansa domin gwiwa da miƙewa, kuma daga tsakiyar masan zuwa bangon gefe bai kamata a yi ƙasa da inci 15 ba, inci 18 ya fi daɗi, musamman a wurinmu da ake tsarki da buta, hannu yana bukatar sarari. Wurin wanka da mutum zai sunkuya ya cuɗa ƙafarsa ba tare da gwiwar hannunsa ta bugi bango ba shi ne ƙafa 3 da 3, wato santimita 90 kowane gefe. Kwanon wanke hannu kuma yana cin faɗin ƙafa 2. Idan ka jera ukun nan a jikin bango ɗaya, santimita 60 na kwano da 80 na masai da 90 na wanka, ka sami 230, shi ya sa banɗaki mai ƙafa 5 da 8, wato mita 1.5 da 2.4, ya zama awon da na fi ba mutane shawara a kai. A cikinsa akwai sauran santimita 80 a gaban masai, hanyar da mutum zai bi riƙe da bokiti ya wuce zuwa wurin wanka ba tare da ya karkace ba.

Yanzu ka dubi ƙafa 4 da 4 da wannan ma'auni. Masai kaɗai ya ɗauke fiye da rabin zurfin ɗakin, abin da ya rage a gabansa bai kai ƙafa 2 ba, kuma a nan ne za a tsaya a yi wanka, a nan ne ƙofa za ta buɗe, a nan ne bokiti zai zauna. Na taɓa zuwa duba wani sabon gida da aka kashe wa kuɗi sosai, falonsa kamar filin ƙwallo, amma ƙofar banɗakin maigidan tana bugun masai kafin ta buɗe rabi, sai mutum ya shiga a kaikaice ya raɓe sannan ya iya rufewa. Maigidan mutum ne mai jiki, kuma bai shekara a gidan ba ya sa aka fasa bangon.

Idan fili ya matse, mafi ƙanƙantar da zan yarda da shi ga masai da wanka tare shi ne ƙafa 4 da 6, masai a can ƙurya, wanka a gabansa, ba kwanon wanke hannu, ƙofa kuma ta buɗe zuwa waje. Wannan ya isa ɗakin yara ko na baƙo. Ɗakin uwargida kuwa kada ka rage masa, domin a nan ake wa jarirai wanka, a nan ake wankan jego da manyan bahuna, a nan ake ɗan wankin gaggawa da dare, kuma sau da yawa mutum biyu ne a ciki, uwa da yaro. Idan ma da hali ka ba shi ƙafa 6 da 8. Game da tsoron da kake yi wa ɗakin kwana, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana ɗaukar babban gado da ma'ajiyar kaya ba tare da matsi ba, kuma ƙafa ɗayar da za ka ƙara masa ba za ka ji ta a jikinka ba kamar yadda za ka ji rashinta a banɗaki kullum safiya.

Wajen jera kaya, abin da aka fi yawan amfani da shi kuma ya fi bushewa shi ke kusa da ƙofa. Kwanon wanke hannu da farko, a tsayin santimita 80 zuwa 85 daga ƙasa, sai masai, sai wurin wanka a can ƙarshe tare da rariya. Amfanin wannan jeri shi ne wanda ya shigo yin fitsari da tsakar dare ba zai taka ruwan wankan wani ba. Daɓen banɗaki ya yi ƙasa da na ɗaki da inci 1 zuwa 2, kuma ya gangara zuwa rariya da kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Kada ka yarda da ganin ido a nan. Ranar da mai tayil ya gama, kafin ka biya shi cikon kuɗinsa, ka kwarara bokiti guda a bakin ƙofa ka tsaya ka ga inda ruwan zai nufa. Tayil na ƙasa ya zama mai kaushi, mai ƙyalli a bar wa bango.

Akwai wani ƙaramin abu da zanen da ake kwafowa daga ƙasashen waje ba ya tunawa da shi, wato famfon buta da bokiti. A sa shi kusa da masai, a hannun daman wanda ke zaune, tun da da dama ake riƙe buta a yi tsarki da hagu, kuma a ɗaga shi kimanin santimita 50 daga ƙasa domin babban bokiti ya shiga ƙarƙashinsa. Ko da ka sa shawa, bokiti ba zai bar banɗakinka ba, domin a lokacin hunturu da ruwan zafi ake sirkawa, kuma ba kullum tanki ke cike ba. Ƙarfin shawa kuwa daga tsayin tanki yake zuwa, kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ma'aunin matsi guda da ake kira "bar" da Turanci, saboda haka tankin da gindinsa bai wuce kan shawa da aƙalla mita 2 ba ruwa mara ƙarfi zai riƙa ba ka.

Sai zaɓi tsakanin masai na zama da na tsuguno, wanda a Gombe ba maganar ado ba ce, maganar ruwa ce. Duk da ruwan da ake turowa daga madatsar Dadin Kowa, sababbin unguwannin bayan gari da yawa da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa suka dogara. Masai na zama na zamani yana zubar da lita 6 a kora guda. Gida mai mutum 8, idan kowa ya kora sau 5 a yini, lita 240 ke nan, kusan jarka 10 mai lita 25, kafin a yi maganar wanka da girki. Na tsuguno da ake kora da hannu lita 2 zuwa 3 ta ishe shi, ba shi da tankin da zai lalace a hannun yara, kuma ya fi sauƙin wankewa. Da ni ne, zan sa na zama a ɗakin maigida da na uwargida, na tsuguno a na yara da na tsakar gida.

Game da inda za a ajiye su a cikin zanen gidan, kowane banɗaki ya jingina da bangon waje domin ya sami taga, mai ƙafa 2 da 2, a ɗage ta kimanin ƙafa 6 daga ƙasa, kuma ka duba kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Idan ɗakuna biyu suna maƙwabtaka, ka haɗa banɗakunansu baya da baya a bango ɗaya, bututu ɗaya mai inci 4 ya ɗauke su, ka rage tsawon bututu da yawan gwiwoyin da ke toshewa. Kada ƙofar banɗaki ta kalli falo ko kicin. Kuma ka ware ƙaramin makewayi mai ƙafa 3 da 5 kusa da falon baƙi ko zaure, domin kada baƙo namiji ya ratsa cikin iyali saboda fitsari. Kafin magini ya sake ɗora bulo ko ɗaya, ka je wurin da yamma kai da uwargida, ka zana ƙafa 5 da 8 a ƙasa da toka, ka ajiye kujera a gurbin masai da bokiti a gurbin wanka, kowannenku ya shiga ya zauna ya tsuguna ya juya, sannan ku yanke awon.

TAMBAYA: Malam, mai aikin famfo ya ce mini a hadisi an ce mai biyan bukata ya fuskanci gabas ko yamma, don haka zai kafa masai yana kallon yamma. Ni kuma na san gabas muke kallo a salla. Wane ne ya yi daidai? Daga wani malamin makaranta, Fadamar Mada, Bauchi.

AMSA: Malam, mai aikinka ya ji hadisin daidai amma bai ajiye shi a muhallinsa ba. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya yayin biyan bukata, ya kuma ce a fuskanci gabas ko yamma. Mutanen Madina aka yi wa maganar, su kuma Makka tana kudu da su, don haka gabas da yamma ne suke kawar da su daga alƙibla. Mu a Bauchi da Gombe alƙiblarmu gabas ce mai karkata zuwa arewa, kimanin digiri 65 idan an auna daga arewa, saboda haka wanda ya kalli yamma ya ba alƙibla baya ke nan. Abin da ya dace da mu shi ne mai zama ya kalli kudu ko arewa, alƙibla tana gefen kafaɗarsa.

A mazhabar Malikiyya da ta Shafi'iyya hanin ya shafi fili ne, a cikin gini an yi rangwame, hujjarsu kuwa hadisin Abdullahi ɗan Umar da ya hau saman ɗakin 'yar'uwarsa Hafsa ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana biyan bukata yana fuskantar Sham, Ka'aba tana bayansa. Wanda ya kama hayar gida ya tarar da masai a haka, ya tambayi malaman unguwarsa, ba sai ya tayar da hankalinsa ba. Amma kai da kake gini daga tushe ba abin da zai rage maka idan ka fita daga saɓanin. Tun da masai yana jingina da dogon bango ne, mai zama kuma yana kallon ɗaya bangon, sai ka sa tsawon banɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Ka duba mihrabin masallacin unguwarku ka daidaita da shi, kuma a yanke wannan kafin a binne bututu, domin bakin bututun ne ke tilasta wa masai inda zai kalla. Ina kuma ba da shawarar a yi wurin alwala dabam a tsakar gida, famfo da ɗan dakali mai tsayin santimita 40, ya rage layi a ƙofar banɗaki da asuba.

TAMBAYA: Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana fama da ciwon gwiwa, kuma tun bayan da ta zame a bayi bara take tsoron shiga ita kaɗai. Muna son mu gina mata ɗaki da banɗaki a gidana. Me za mu kiyaye? Daga wata 'yar kasuwa, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka muku da alheri. A nan awon da na bayar a sama bai isa ba, domin dole ki lissafa mutum biyu, ita da mai taimaka mata, kuma ki lissafa ranar da za a iya bukatar keken marasa lafiya ko da ba a fata. Keken yana bukatar da'ira mai faɗin mita 1.5 kafin ya juya, don haka kada ki yi ƙasa da ƙafa 7 da 8. Ƙofa ta kai ƙafa 3, wato santimita 90, maimakon ƙafa 2 da rabi da aka saba, kuma lallai ta buɗe zuwa waje, domin wanda ya faɗi a ƙaramin ɗaki jikinsa ne ke tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, sai a rasa yadda za a kai gare shi. Makullin ma ya zama irin wanda ake iya buɗewa daga waje.

Tudun da na ce a bari tsakanin ɗaki da banɗaki, a nata a mayar da shi gangara mai sauƙi, kada a bar dokin ƙofar da ƙafa za ta harɗe da shi. Masai ya zama na zama, kuma a ɗaga shi ya kai santimita 45 zuwa 48 maimakon 40 da aka saba, domin tashi daga ƙasa-ƙasa shi ne abin da ke wahalar da mai ciwon gwiwa. A kafa ƙarfen riƙo a gefen masai da wurin wanka a tsayin santimita 80 zuwa 90. A nan ki tsaya a kan magini ya cika ramukan bulon da ke daidai wurin da kankare tun yana gini, domin ƙusar da aka ɗaura a bulo mai rami tana fita da nauyin mutum, kuma ƙarfen da ya cire a hannun tsohuwa ya fi rashinsa haɗari. A gina mata dakalin zama a wurin wanka, a sa famfo inda hannunta zai kai tana zaune, a kuma sa fitila mai caji wadda ke kamawa da kanta idan an ɗauke wuta. Makunnin wuta ya kasance a waje kusa da ƙofa, kuma gadonta ya zama taku kaɗan ne daga ƙofar, ba tare da darduma mai zamewa a tsakani ba.

TAMBAYA: Banɗakin baƙi a gidana yana wari duk da ba a cika shigarsa ba. Sannan ina son in haƙa sabon sokawe, amma rijiyata tana ƙafa 30 daga wurin. Ya halatta a aikin gini? Daga wani magidanci, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Alhaji, rashin shigarsa ne ya jawo warin. A ƙarƙashin masai da rariya akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan ne murfin da ke hana iskar rami dawowa ɗaki. A hunturu da bazara yana ƙafewa cikin 'yan makonni idan ba a zuba wani ba. Ka sa a riƙa zuba buta guda a masai da rariya kowane mako. Idan warin bai tafi ba, ka duba ko an sa wa rariyar wannan lanƙwasa tun farko, domin wasu ma'aikata suna miƙe bututun kai tsaye, ka kuma duba ko akwai bututun shaƙar iska da ya haura saman rufi da raga a bakinsa.

Maganar sokawe ta fi nauyi. Ƙafa 30 ta yi kusa ƙwarai. Ma'aunin da masu aikin tsaftar ruwa suke bi shi ne mita 30 tsakanin ramin da ke tsotse ƙazanta da rijiya, kusan ƙafa 100, tsawon fuloti guda ke nan, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. A Bauchi dutse yana kusa da sama a unguwanni da yawa, rijiyoyi ba su da zurfi, kuma a watan Agusta ruwa yana tasowa har a ɗebo shi da gajeriyar igiya, lokacin da amai da gudawa ya fi yaɗuwa. Ruwan da ya bi tsagar dutse ba ya tacewa kamar wanda ya ratsa yashi.

Ka kai sokawen can ƙarshen fulotin, ta ɓangaren da ƙasa ta gangara daga rijiya, kusa da ƙofar gida domin motar kwasa ta iya kaiwa gare shi. Ka sa tanki mai ɗaki biyu da aka shafe cikinsa da siminti ya fara karɓar ƙazantar kafin ruwan ya wuce ramin tsotsewa, bututun da ke zuwa gare shi ya gangara da santimita 2.5 a kowace mita, da akwatin dubawa mai murfi a duk inda ya karya kwana. Ka leƙa ka tambayi maƙwabtanka na kowane gefe inda rijiyoyinsu da ramukansu suke kafin a sa diga a ƙasa. Idan duk da haka tazarar ba ta samu ba, ruwan rijiyar ya koma na wanki da kora masai, na sha kuma a tafasa shi ko a samo daga famfo.